Bin Sawun Ƙauye da Tsofaffin Taswirori: Jagora daga Filayen Ciyawar Kansas

Kusan kowace shekara sai ɗalibi ya kawo mini aiki a kan wani ƙauye na filayen ciyawar tsakiyar Amurka, kuma kusan kullum kuskuren iri ɗaya ne. Ya samo taswira biyu, tsohuwa da sabuwa, ya ajiye su gefe da gefe, ya ƙirga gidajen da ke cikin kowace, ya rubuta cewa ƙauyen ya ragu da kaza. Idan na tambaye shi wa ya zana tsohuwar, don wace bukata, kuma a wace shekara mai awon ya taka filin da ƙafarsa, sai amsa ta gagara. Alhali kowace taswira wani ne ya biya aka yi ta don wata bukata tasa, abin da bai shafi bukatar ba kuwa an bar shi a waje. Wanda bai san wannan ba zai ɗauki saɓanin masu zane biyu ya ce canji ne ya faru a ƙasa.

Kansas da Nebraska wurare ne masu daɗin koyon wannan aiki, domin gwamnati ta auna ƙasar ta yanyanka ta kafin ta raba wa manoma, kuma har gobe hanyoyi da shingaye layukan awon suke bi. Yawancin takardun suna intanet kyauta, ɗalibi yana zaune a Zariya ko Maraɗi zai iya yin mafi yawan aikin. Zan riƙa kawo misali da Nicodemus, ƙauyen da baƙaƙen fata, galibinsu daga jihar Kentucky, suka kafa a 1877 a gundumar Graham, kusa da reshen kudu na kogin Solomon.

Abin da za ka tanada

Kwamfuta da manhajar QGIS, wadda kyauta ce kuma ta isa. In babu, takarda mai shara-shara da fensir da rula za su yi maka aikin fili ɗan ƙarami. Sai littafin rubutu guda da za ka ware wa taswirorin kansu, kowace da shafinta. Sai jadawali na ƙirge. Sai sanin inda takardun suke: zanen awon farko da takardun mallaka suna hannun Hukumar Kula da Filaye ta tarayya, wato BLM, taswirorin tudu da kwari suna hannun hukumar USGS, a shafinta na topoView, taswirorin inshora na Sanborn da littattafan taswirar gundumomi da dama suna Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, na Kansas kuma akwai su da yawa a wurin Ƙungiyar Tarihin Kansas da ke Topeka. Idan Allah ya kai ka inda ainihin littattafan suke, fensir kaɗai ake shiga da shi, kuma kada ka danne ɗaurin littafi don hoto ya fita sarai. Takardar ta tsufa, karyewa take yi.

Mataki na 1: Taƙaita filinka da tambayarka

Gunduma guda ta yi wa mai koyo yawa. Ɗauki ƙauyen da filin da ke kewaye da shi, mil biyu ko uku kowace kusurwa, ka tsaya a nan. Tambayar ma ta zama wadda taswira za ta iya amsawa: gonaki nawa ne a wannan fili a kowane zamani, ina makarantu suka tafi, yaushe hanya ta kauce wa gari. “Me ya sa mutane suka tashi?” tambaya ce mai kyau, amma taswira wurin tashin kaɗai za ta nuna maka, dalilin sai ka neme shi a wasu takardu.

Mataki na 2: Koyi karanta layukan awo

A nan yawancin masu koyo ke gaggawa, a nan kuma aikinsu ke lalacewa. Tun dokar filaye ta 1785 Amurka ke auna ƙasarta ta yamma da tsari ɗaya. Ana yanka babban murabba'i mai mil shida kowane gefe, shi ne taunshif. A raba shi sashe 36, kamar gidajen dara, kowane sashe mil ɗaya tsawo mil ɗaya faɗi, eka 640. Rubu'in sashe eka 160 ne, kimanin hekta 65, kuma shi ne rabon da dokar ba da gonaki ta 1862 ta tanadar wa wanda ya zauna ya noma shekara biyar.

Lambobin sassan ba daga hagu zuwa dama suke tafiya ba. Sashe na 1 yana kusurwar arewa maso gabas, a yi yamma har 6, a sauko layi na biyu inda 7 ke ƙarƙashin 6, a dawo gabas har 12, haka ake ta kai da komo har 36 a kusurwar kudu maso gabas. Zana wannan da hannunka a shafin farko na littafinka. Na ga aikin da aka ɗora iyali a gonar da ke mil biyar da tasu, don kawai an ƙirga sassa yadda ake karanta rubutun boko.

A Kansas ana ƙirga taunshif daga iyakar jihar da Nebraska a yi kudu, sannan daga babban layin awo na shida a yi gabas ko yamma. Nicodemus yana sashe na 1 na T8S R21W, wato taunshif na takwas kudu, jeri na 21 yamma. Bayanin gona kuma daga ƙarshe ake karanta shi zuwa farko. Idan ka ga SE¼ NW¼ Sec. 12, fara nemo sashe na 12, ka shiga rubu'insa na arewa maso yamma, sannan ka ɗauki rubu'in kudu maso gabas na wannan rubu'in. Eka 40 ke nan, ba 160 ba.

Abu biyu ka kiyaye. Duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, sarƙar awo ma takan yi kuskure, don haka masu awo sukan tura rara ko giɓi zuwa sassan da ke gefen arewa da na yamma na kowane taunshif. Waɗannan ba cika eka 640 daidai suke yi ba, kuma sashen da Nicodemus yake yana cikinsu. Na biyu, sashe na 16 da na 36 an ware su ne don kuɗin makarantu, a gundumomin da manyan layukan dogo na farko suka ratsa kuwa an ba kamfanonin jirgin ƙasa sassa masu lambar mara. Idan ka ga irin waɗannan sassa babu kowa a tsohuwar taswira, kada ka ce ƙasar ce ba ta da kyau. Doka ce ta riƙe su.

Mataki na 3: Yi wa kowace taswira tambayoyi kafin ka yarda da ita

A shafin kowace taswira rubuta wanda ya yi ta, wanda ya biya, ma'auninta, da abin da aka yi ta dominsa. Ga irin waɗanda za ka ci karo da su.

Zanen awon farko, na Babban Ofishin Filaye da aka kafa a 1812. Masu awon sun ja sarƙa mai ƙafa 66, sarƙa 80 mil guda, suna bin layukan sassa kawai. Inda babu itace da za a yi wa shaida, sai su tara tsibin ƙasa su haƙa ramuka a gefensa, ko su kafa dutse. Abin da layi ya ratsa, rafi ko turba ko kurmi, an auna shi da gaske an rubuta a littafin fili. Abin da ke tsakiyar sashe kuwa sau da yawa hange ne ko ƙiyasi. Shi ya sa za ka ga rafi ya ratsa layi a daidai wurinsa, amma tsakanin layi da layi an ja shi da lanƙwasa mai kyan gani wadda ba ta taɓa wanzuwa ba. Ɗalibai da dama sun rubuta cewa rafi ya sauya hanya, alhali alƙalamin magatakarda ne ya yi yawo. Karanta littafin filin tare da zanen. Ka kuma tuna cewa farin da ke wannan zane ba ya nufin ƙasar ba ta da masu ita: yammacin Kansas wurin farauta da zama ne na ƙabilun Cheyenne da Arapaho da Pawnee, kuma an yi awon ne don a raba ƙasar da aka fitar da su daga cikinta. Aikin da ya fara tarihinsa daga ranar awo ya yi musu rashin adalci.

Littafin taswirar gunduma. Wannan shi ne mafi jan hankali, shi ne kuma mafi yaudara. Kamfanoni irin na George A. Ogle da ke Chicago, wanda ya buga na gundumar Graham a 1906, suna buga kowane taunshif a shafi guda. Ka matso da idonka kan shafin: kowace gona da sunan mai ita a rubuce a tsakiyarta, adadin eka a ƙarƙashin sunan, ɗan baƙin murabba'i a inda gida yake, wata alama ta makaranta, wata ta coci, wata ta maƙabarta. Amma littafin na sayarwa ne. Waɗanda suka biya kuɗin rajista su ake jera wa suna da sana'a a ƙarshen littafin, wasu har da hoton gida da iyali. Sunan da ke kan gona kuma na mai mallaka ne. Ɗan haya da ke noma ta, da ɗan ƙodago, da dangin da ke raɓe a gidan, ba su fito ba. Mai mallakar kansa yana iya zama banki ko wani attajiri da ke wata jiha. Mutanen Nicodemus na farko ma a ɗakunan da suka haƙa cikin ƙasa suka yi hunturunsu na fari, irin mazaunin da ba safai mai zane ke lissafa shi gida ba.

Taswirar inshora ta Sanborn. An yi ta ne don kamfanonin inshora su san haɗarin gobara, don haka tana nuna gini-gini: ruwan hoda na bulo, rawaya na katako, shuɗi na dutse, galibi inci ɗaya a madadin ƙafa 50. Ba ta damu da gonaki ba, ƙananan ƙauyuka da yawa ma ba a taɓa yi musu ba, unguwannin gefen gari kuma akan bar su. A wasu kundayen an riƙa liƙa 'yan gyare-gyare a kan tsohon shafi, ka ga shafi ɗaya ɗauke da shekaru daban-daban.

Taswirar USGS da hotunan sama. Ta USGS mai ma'aunin 1:24,000 ita ce mafi daidaito a wuri, ita za ka mayar ginshiƙi. Hotunan da ma'aikatar gona ta ɗauka daga jirgi tun shekarun 1930 don auna gonaki su ne shaidar da ba ta bi ta hannun mai zane ba. A cikinsu za ka ga tsohon gida ko da ya rushe: 'yan itatuwa a jere sun yi kusurwa, da sawun hanya da ya shiga ya tsaya.

Mataki na 4: Raba shekarar awo da shekarar bugu

Shekarar da ke bangon littafi ta bugu ce. Bayanan ciki sun girme ta, wani lokaci da shekara ɗaya, wani lokaci da goma, domin masu bugu kan kwafi tsohon zane su sabunta sunaye kawai. A taswirar USGS duba rubutun ƙasa ta hagu, inda ake faɗin shekarar hoto da shekarar da aka duba fili. Abin da aka buga da launin shunayya ƙari ne daga sabon hoto, galibi ba tare da an je wurin ba, kuma tsofaffin gidajen da ke baƙi ba lallai ne suna tsaye a lokacin ba.

Takardar mallaka ma haka take. Wanda ya bi dokar 1862 sai ya cika shekara biyar kafin ya kawo shaidu, sannan takarda ta fito daga baya, sai dai in ya zaɓi ya biya dala 1.25 kowace eka ya gajarta jira. Ka ga takarda mai shekarar 1885 tana iya zama ta mutumin da ya iso tun 1878. Waɗanda suka zo suka kasa suka tafi kuwa ba su da takardar mallaka sam, sai dai a rajistar ofishin filaye, kuma a tarihin irin waɗannan ƙauyuka ba kaɗan ba ne.

Mataki na 5: Ɗora taswirorin a kan juna

A QGIS akwai ɓangaren da ake ɗaure tsohon hoto da ainihin wurinsa a doron ƙasa. Kana nuna masa tabo a tsohuwar taswira, ka nuna masa tabon a sabuwa. Sirrin aikin yana wajen zaɓen tabo. Yi amfani da kusurwoyin sassa, su ne ba sa motsi. Kada ka yi da gaɓar kogi, ko gada, ko kwanar hanya, ko makaranta, domin a wannan ƙasa gini na katako ɗaukarsa ake yi a kai shi wani wuri. Watsa tabban ko'ina a shafin, kusurwa huɗu da tsakiya, kada ka cunkushe su a gari. Fara da hanyar daidaitawa mafi sauƙi. Hanyoyin da ke miƙar da hoto kamar roba sukan ba da ƙaramin adadin kuskure a allo, alhali sun murɗe abin da ke tsakanin tabban.

Duba ma'aunin tushe. Tsofaffin taswirorin USGS a kan NAD27 suke, sababbi a kan NAD83, kuma idan ka haɗa su ba tare da ka gaya wa manhaja ba, komai zai goce da mita gommai. (Tushen NAD27 ɗin ma a Kansas yake, a Meades Ranch cikin gundumar Osborne, gunduma biyu gabas da Graham.) Alamar wannan kuskure ita ce komai ya matsa gefe ɗaya da tazara ɗaya. In ka ga haka, ba ƙauyen ne ya motsa ba.

Kada ka taɓa ainihin hoton da ka sauko da shi. Yi aiki a kan kwafi.

Mataki na 6: Ƙirga iri da irinsa

Yanzu ne lokacin ƙirge, kuma ƙa'idar ɗaya ce: littafin gunduma da littafin gunduma, hoton sama da hoton sama. Masu mallaka a 1906 ba a gwada su da rufin gidaje a hoton 1950. Yi jadawali, sashe-sashe a tsaye, shekaru a kwance, ka cika da adadin masu mallaka, girman gona mafi girma, gidaje, makarantu. Inda taswira ba ta nuna irin abin ba, rubuta “ba a nuna ba”. Kada ka sa sifili. Sifili da'awa ce cewa babu, kuma ba ka da hujjarta.

Ka sa ido a kan sufuri, don a filayen ciyawa shi ne ke raya gari ya kashe wani. Nicodemus ya yi kasuwa da jaridu a tsakiyar shekarun 1880 yana jiran jirgin ƙasa. A 1888 layin Union Pacific ya bi ta kudancin kogin, aka kafa garin Bogue a bakin layin 'yan mil kaɗan daga nan, 'yan kasuwa suka kwashe suka koma can. Taswirar da ta tsaya a iyakar Nicodemus raguwa kaɗai za ta nuna. Wadda ta haɗa da Bogue za ta nuna inda abin ya koma. Don haka bayan ka gama ƙirgen ɗan filinka, ɗaga kai ka dubi maƙwabta. Gabas kaɗan, a gundumar Rooks, madatsar ruwan Webster da aka gama a 1956 ta sa an ta da garin Webster daga mazauninsa.

A hotunan sama akwai alamu masu gaya maka zamani. Dogayen layukan itatuwa a gefen gonaki da yawansu na shirin shingen iska ne da aka yi daga 1935 zuwa 1942, saboda fari da guguwar ƙura. Manyan da'irori kore na injin ban-ruwa mai juyawa ne, wanda Frank Zybach ya sami rajistarsa a 1952; da'ira ɗaya takan cinye kimanin eka 130 na rubu'in sashe, kuma wurin share mata fili an sha tuge shinge da tsohon gida.

Mataki na 7: Nemo shaidar da ba taswira ba

Duk abin da ka gano, nemo masa mai goyon baya daga wani wuri. Ƙidayar tarayya tana ba da sunan kowa a gida, har da ɗan haya, kuma ana buɗe ta bayan shekara 72, ta 1950 ta fito a 2022. Ta 1890 yawancinta ta salwanta sanadin gobarar 1921, wanda giɓi ne mai ciwo ga mai nazarin Nicodemus, tunda shekara biyu ke nan bayan jirgin ƙasa ya kauce wa garin. Sa'ar Kansas ita ce jihar ta yi ƙidayarta a shekaru masu ƙarewa da biyar har 1925, sai ka cike da ta 1885 da ta 1895. Ofishin rajistar filaye na gunduma, na Graham yana Hill City, shi ke da tarihin saye da jingina. A nan za ka gane ko gona sayar da ita aka yi ko bashi ne ya ci ta, abin da taswira ke nunawa iri ɗaya: suna ya tafi, suna ya zo. Sauyin suna ma wani lokaci aure ne ko gado, gonar ba ta bar gidan ba.

Rufe gidan waya shi ma a yi hattara da shi. Tun da aka fara kai wasiƙa har ƙofar manomi a 1896, ƙananan gidajen waya da yawa sun rufe mutane na nan zaune. Na Nicodemus ya kai 1953.

Mataki na 8: Tambayi masu wurin, sannan ka rubuta

Idan za ka iya zuwa, gani ya kori ji. Amma kusan kowane taku na mai shi ne, sai ka nemi izini kafin ka tsallaka shinge. A kangon gida ka kula da tsofaffin rijiyoyi da ramukan tara ruwa da ciyawa ta rufe, da macizai masu dafi, kuma hanyoyin ƙasa na can in an yi ruwa ba sa biyuwa. In ba ka iya zuwa, rubuta wa ƙungiyar tarihin gundumar.

Wannan mataki ne ke hana ka saurin cewa gari ya mutu. Mazaunan Nicodemus yau 'yan ƙalilan ne, gundumar Graham da ta haura mutum 8,000 a 1910 ba ta kai 2,500 ba a 2020. Amma tun 1996 garin yana cikin wuraren tarihi na ƙasa, zauren taro da aka gina a 1939 yana tsaye, kuma duk ƙarshen watan Yuli jikokin waɗanda suka kafa shi suna dawowa bikin shekara daga jihohi daban-daban. Wasunsu har yanzu suna riƙe da gonakin kakanninsu. Babu ɗaya daga cikin taswirorin da na lissafa da za ta gaya maka wannan, sai su. Ka nuna musu abin da ka zana kafin ka fitar, za su gyara maka sunaye da wurare, kuma kada ka wallafa wurin kabari ko gidan wani ba da yardarsu ba.

Wajen rubutawa, kowace taswirar da ka haɗa ka sa mata bayani a ƙasa: daga waɗanne taswirori ka ɗauko, shekarar awo da ta bugu na kowace, tabo nawa ka ɗaure da su, da girman kuskuren da ya rage. Abin da takarda biyu suka tabbatar ka ja shi da cikakken layi, abin da ɗaya kaɗai ta nuna ka ja shi da ɗigo-ɗigo. Ka haɗa jadawalin ƙirgenka a ƙarshen aikin, har da gurabun da ka rubuta “ba a nuna ba”, don wanda zai zo bayanka ya san takardar da zai fara nema.